Adolf von Baeyer: Bajamushen da ya tone asirin baba

Duk ɗalibin da ya taɓa yin firaktikal na kimistiri ya san wannan lokacin: kana sakin ruwa ɗigo-ɗigo, idonka a kan kwalba, malami na zagayawa a bayanka, sai kwatsam ruwan ya koma ruwan hoda, ka yi maza ka rufe famfon. Abin da ya canza launin nan sunansa fenolftalin. To wanda ya fara haɗa shi a 1871 shi ne kuma ya gano ƙirar sinadarin da ke rina wandon jins ɗin da rabin 'yan makarantar nan ke sawa, kuma sinadarin nan shi ne dai babanmu na karofi, wanda marina ke rini da shi a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Sunan mutumin Adolf von Baeyer, ana furta shi kamar Baya. Kada a haɗa shi da kamfanin Bayer mai asfirin, wannan wani gida ne daban, sunan ne kawai ya yi kama.

An haife shi a Barlin ranar 31 ga Oktoba, 1835. Mahaifinsa, Johann Jacob Baeyer, hafsan soja ne a ƙasar Furushiya wanda ya kai janar, amma an fi saninsa da aikin safiyo da auna faɗin ƙasa. Mahaifiyarsa Eugenie ta fito daga gidan marubuta, ta rasu yana yaro ƙarami. Tun yana ɗan shekara tara yake haɗe-haɗe a gida, yana da sha biyu ya haɗa wani gishirin jan ƙarfe da ba a san shi ba a lokacin. Ranar da ya cika sha uku ya sayi curin baba na tala biyu (tala kuɗin Jamus ne na da, daga sunansa kalmar dala ta samo asali) don ya yi gwaji da shi. Curin nan ne ya bi shi har tsufa.

Bari mu tsaya nan mu leƙa gida, don a san me yaron ya riƙe a hannunsa. Shekara uku bayan haka, a 1851, wani Bajamushen, Heinrich Barth, ya iso Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki a birnin shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus, kuma ya ƙiyasta cewa wanda ake kaiwa Timbuktu kaɗai ya kai kayan raƙuma 300 a shekara, na kuɗi wuri miliyan 60. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ɗaya ce kawai cikin masu yawa. Kura ta yi suna a rawunan da Buzaye ke nema ruwa a jallo, kuma da wuya ka sami tsohon gari a ƙasar Hausa da ba shi da marina. Duk ɗan Roni ko Gwiwa da ke da kaka a raye, ya tambaye ta yadda ake kai zane rini a da, zai sha labari.

Marini ya san aikinsa sarai. Ya san yadda ake haɗa baba da toka da katsi a karofi, ya san kwana nawa za a jira, ya san rinin ya nuna daga warinsa da kumfar da ke kansa. Ya san idan ya tsamo zane zai fito kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi a gaban idonsa. Abin da babu wanda ya sani a duniya a lokacin, a Kano ko a Barlin, shi ne yadda ƙwayar sinadarin take: zarra nawa ce, wace ke riƙe da wace. Wannan tambaya ce Baeyer ya ɗauka.

Ya shiga Jami'ar Barlin yana karatun lissafi da fiziks, ya yi shekara guda a soja, sannan a 1856 ya tafi Heidelberg wajen Robert Bunsen, mai murhun nan da ke kan kowane benci a lab ɗinmu. Ba su jitu sosai ba, sai ya koma wajen wani matashin malami, August Kekulé, wanda a lokacin yake ƙoƙarin fahimtar yadda zarrar kabon ke ƙulla hannu huɗu da maƙwabtanta. Ya sami digirinsa na dakta a 1858 a kan wasu sinadaran asanik masu guba, ya bi Kekulé zuwa Ghent a Beljiyam, ya dawo Barlin a 1860.

Nan ne wurin da ya kamata ɗan poli ya buɗe kunne. Baeyer bai sami kujera a jami'a ba. Aikin da ya samu na koyarwa ne a makarantar koyon sana'o'i da fasaha ta Barlin, wato irin tamu, inda ake horar da masu aikin masana'antu. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma manyan furofesoshi ba su ɗauki wurin da daraja ba. Shekara sha biyu ya yi a can. Mu da muke fama da maganar bambancin HND da digiri mun san irin kallon. Amma a wannan makaranta ne ya haɗa sinadarin babiturik a 1864, wanda daga baya aka samo magungunan barci da na farfaɗiya daga danginsa. A nan ya fara aikin baba gadan-gadan a 1865. A nan kuma ya fito da wata dabara mai sauƙi a 1866: a dumama sinadari da garin zinki, zinkin ya zare masa oksijin, ya bar ƙashin bayansa tsirara a gane shi. Da haka ya samo indol, uwar gidan dangin baba.

Dabarar ta fara biyan kuɗi a hannun wasu. Mutum biyu da ke aiki a lab ɗinsa, Carl Graebe da Carl Liebermann, suka gwada ta a kan alizarin, jan rinin da Turawa ke samu daga saiwar wani tsiro, kamar yadda dukawanmu ke samun ja daga karan dafi. A 1868 suka gane ƙashin bayansa, suka haɗa shi daga baƙin danƙon da ke fita daga kwal. Cikin 'yan shekaru manoman wannan tsiro a kudancin Faransa suka rasa kasuwa. Wannan shi ne gargaɗin farko ga duk mai noman rini a duniya. Ita kuwa makarantar, a 1879 aka haɗe ta da makarantar gine-gine, kuma ita ce tushen Jami'ar Fasaha ta Barlin ta yau. A shekarar alizarin ɗin ne, 1868, Baeyer ya auri Adelheid Bendemann.

A 1871, shekarar fenolftalin, ya dumama wasu sinadarai biyu masu arha ya sami wani jan gari mai ɗaukar ruwan lemo. Garin a bushe ba ya wani burgewa. Amma ka ɗebi ɗan mitsitsi ka jefa a bokitin ruwa mai ɗan kanwa-kanwa, sai ruwan ya ɗauki wani kore mai ƙyalli kamar an kunna fitila a cikinsa. Ya sa masa suna fuloresin. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar tana haɗiye shuɗin haske, ta riƙe shi na wani lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, ta amayar da shi kore. Ƙarfinsa ya kai a ce ko an tsarma shi sau miliyoyi ido na iya ganinsa. A 1877 aka zuba kilo 10 nasa a wurin da ruwan kogin Danub ke nutsewa cikin ƙasa a kudancin Jamus, bayan kamar awa 60 sai ga wata maɓuɓɓuga mai nisan kilomita goma sha wani abu ta koma kore, aka tabbatar ruwan yana bi ta ƙarƙashin duwatsu ya faɗa wani kogin daban. Har gobe likitan ido na ɗiga shi don ya ga inda ƙwayar ido ta kurje, kuma iyosin da 'yan lab ɗin asibiti ke rina nama da shi kafin su duba a madubin likita ɗansa ne. Abokin Baeyer, Heinrich Caro na kamfanin BASF, shi ya samo shi daga fuloresin a 1873.

Sai dai akwai wani abu a halin fuloresin da ya saɓa wa hankali. Ka ƙara gari a ruwan, ƙyallin ya ƙaru. Ka ci gaba da ƙarawa, sai ya fara dusashewa, har ya kusa mutuwa. Rini ya yi yawa, haske ya ragu. Mutanen zamanin Baeyer sun ga haka da idonsu amma ba su da cikakken bayani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1872 ya sami kujerar furofesa a Strasbourg, yana da shekara 36. A can ne ya lura cewa finol da fomaldehaid na haɗuwa su zama wani danƙo mai tauri da ke ɓata masa kwalabe. Bai bi ta kansa ba. Shekara 35 bayan nan Leo Baekeland ya mayar da wannan danƙo robar farko da aka haɗa kacokan daga sinadarai, ya yi arziki. A 1875 aka kira Baeyer Munik ya gaji kujerar Justus von Liebig, aka gina masa babban lab, ya zauna a can shekara arba'in.

Maganar baba kuwa tana nan tana cinsa. Abin da ya sa ta yi wuya shi ne baba ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a yawancin abubuwan da ake narkar da sinadarai, ga shi babu ko ɗaya daga cikin na'urorin da ake leƙa ƙirar sinadari da su a yau. Hanya ɗaya ce: ka farfasa ƙwayar gunduwa-gunduwa, ka gane kowace gunduwa, sannan ka gwada mayar da su, in abin da ya fito ya zama baba to hasashenka ya yi daidai. Kamar a ba ka rediyo a rufe a ce ka zana abin da ke ciki ba tare da ka buɗe ba. A 1870 shi da Adolf Emmerling suka mayar da wata gunduwa, isatin, ta koma baba. A 1878 ya haɗa isatin ɗin kansa ba tare da taɓa ganye ba. A 1880 ya fito da wata hanyar ya yi mata rajista, a 1882 shi da Viggo Drewsen suka sami wadda ta fi sauƙi, wadda har yanzu ɗalibai ke yi a lab cikin 'yan mintoci. A 1883 ya zana ƙirar: kabon 16, haidurojin 10, naitirojin 2, oksijin 2, ɓari biyu masu kama da juna an ɗaure su a tsakiya. Shekara 18 ke nan da fara aikin, 35 da sayen curin nan.

Mutumin bai yarda da manyan na'urori ba. Yawancin aikinsa da 'yar kwalbar gwaji da sandar gilashi ya yi shi, yana kallo, yana sake kallo. Ɗalibansa sun shaide shi da cewa ba ya tilasta wa gwaji ya ba shi amsar da yake so. Daga hannunsa Emil Fischer ya fito, wanda ya riga malaminsa samun kyautar Nobel a 1902, haka Eduard Buchner da Richard Willstätter. Shi kansa ya karɓi tasa a 1905, kuma tun 1885 Sarkin Bavariya ya ba shi sarautar da ta ƙara masa von a suna.

Ga inda labarin ya yi ɗaci. Hanyoyin Baeyer sun yi kyau a lab amma sun yi tsada a masana'anta, ba su iya karya farashin baban gona ba. Shi kuma bayan 1883 ya juya wa baba baya ya koma wasu bincike. Kamfanin BASF bai haƙura ba. Ya sayi wata hanya da Karl Heumann ya gano a 1890, ya yi ta gyara, ya kashe kimanin mak miliyan 18 cikin shekara 17, sannan a 1897 ya fito da baban kanti kasuwa. Ba don zanen Baeyer ba da ba su san abin da suke nema ba. A wannan shekara duniya na samar da wajen tan 19,000 na baban gona, mafi yawa daga Indiya. Zuwa 1914 ya faɗo wajen tan 1,000. Turawan da ke da gonakin baba a Bihar suka juye asarar a kan talakawan da ke musu noma ta hanyar ƙarin kuɗin haya da tara, kuma koken waɗannan manoma ne ya kai Gandhi Champaran a 1917, gwagwarmayarsa ta farko a ƙasar Indiya.

Mu ma abin ya iso mu, sannu a hankali. Galura ta shigo kasuwa, atamfa da yadin kanti suka biyo, marina da yawa suka koma rini a tukunya da garwa da soda, karofi bayan karofi aka cike da shara. Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya wannan, don mulkin mallaka da jirgin ƙasa da kayan Ingila duk suna da hannu. Amma a ganina ba daidai ba ne kuma a ba da tarihinsa kamar labarin nasara zalla. Kano ta fi Jamus iya rini nesa ba kusa ba. Jamus ta san zanen ƙwayar, tana da kamfanin da zai jure asarar shekara 17, kuɗin kuma can suka tafi.

Tsufansa ma da tabo. A Oktoban 1914 yana cikin masana da marubuta 93 na Jamus da suka sa hannu a takardar da ta wanke sojojin ƙasarsu daga ta'asar da suka yi a Beljiyam, ƙasar da ya zauna yana matashi. Ya ci gaba da koyarwa har ya kai shekara 80, Willstätter ya gaje shi. Ya rasu ranar 20 ga Agusta, 1917, a Starnberg kusa da Munik, ana tsakiyar yaƙi, watanni kaɗan bayan Gandhi ya sauka Champaran.

Yanzu mu koma kan fuloresin da ke dusashewa. Baeyer ya yi rayuwarsa yana tambayar yadda ƙwaya ɗaya take. Amma ƙwayoyin rini ba sa zaman kaɗaici. Yawancinsu shafaffu ne kamar faranti, kuma ruwa ba ya son su sosai, don haka da sun yi yawa sai su nemi juna su jeru da kansu, ba wanda ya jera su, ba kuma wani sabon ɗauri mai ƙarfi da ya haɗa su, 'yan ƙananan jan juna ne kawai. Idan suka kifu fuska da fuska kamar an jera faranti a kwando, hasken da suka haɗiye ba ya samun hanyar fita, sai ya zama zafi. Wannan na cikin abin da ke kashe ƙyallin fuloresin idan ya yi kauri.

A 1936 da 1937 mutum biyu, kowa da nasa aikin, suka ga akasin haka. Edwin Jelley na kamfanin Kodak a Ingila da Günter Scheibe a Munik, garin Baeyer, suna aiki da wani rini da ake sa wa fim ɗin hoto. Da suka ƙara masa kauri a ruwa, sai ya canza launi, ya ɗauki ƙyalli mai ƙarfi, ruwan ma ya yi yauƙi. Da aka tsarma shi ko aka dumama, komai ya koma yadda yake. Bayani ya zo daga baya: waɗannan ƙwayoyin a goce suke jeruwa, kamar yadda magini ke jera bulo, kan wannan a wutsiyar wancan, sai tarin gaba ɗaya ya riƙa karɓar haske yana fitarwa tamkar ƙwaya guda babba. Har yau ana kiran irin wannan taro da harafin J saboda Jelley, na faranti kuma da H. Rini ɗaya, zane ɗaya a takarda, amma yadda suka zauna da juna shi ke yanke ko za su haska ko za su mutu. Da wannan aka yi ta ƙera fim mai jin launuka daban-daban, kuma an gano wasu ƙwayoyin halitta masu rayuwa a wurare masu duhu suna jera koren sinadarinsu haka don su tsinci ɗan hasken da ke isa gare su. Fannin ya girma har ya kai ga Nobel ta 1987, kuma yau masu binciken na'urar sola da masu neman hasko ciwon daji a jiki suna cikinsa.

Baba ma haka yake, kuma a nan ne za ka gane marini kimiyya yake yi. A 1928 aka duba shi da hasken eksire, aka ga ɓarin nan biyu ba gefe ɗaya suke fuskanta ba kamar yadda Baeyer ya zana, a juye suke. Kowace ƙwaya na riƙe da kanta, tana kuma riƙe da maƙwabtanta ta hannun haidurojin, ga su a kife bisa juna. Shi ya sa ruwa ba ya iya raba su. Aikin karofi shi ne raba wannan taro: ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a ruwan toka suna sauya baba ya koma wani nau'i mai narkewa, mai launin rawaya-kore, ya shige cikin zaren auduga ɗaya-ɗaya. Da an tsamo zane iska ta mayar da shi baba, ƙwayoyin su sake cure wa juna a cikin zaren, su maƙale. Ba su ƙulla da audugar ba, tarko ne ya kama su, shi ya sa jins ke koɗewa a gwiwa da aljihu inda ake gogawa. Ko shuɗin kansa da hannun taron a ciki: idan aka dumama baba ya zama tururi, inda kowace ƙwaya ke ita kaɗai, launinsa ja-ja ne mai ɗaukar shunayya.

Sai mabuga. Idan aka tsoma zane sau da yawa, aka ƙara masa shuni, aka shimfiɗa a kan gungume aka yi ta bugu, babar da ke saman zaren tana dannuwa ta kwanta sumul, ta yi kauri har ta fara mayar da wani ɓangare na hasken kamar ƙarfe. Wannan shi ne ƙyallin jan ƙarfen da ke jikin ɗan Kura da turkuɗi da kore, wanda ke sa a biya su da tsada a Agadas, kuma shi ne ke zuba a fatar Buzu har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane.